Amsoshin Tambayoyinku: Wa'adi Ya Ƙarato, Me Za A Rage A Aikin Shafin Intanet?

A wannan fitowar mun haɗa wasiƙu huɗu da suka zo kan batu guda, wato yadda masu tsara shafukan intanet za su yi aiki tare su fitar da shafin da jama'a za su iya amfani da shi cikin sauƙi, a lokacin da aka yanka musu rana kuma ranar ta matso. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen waɗanda suka aiko.

Tambaya daga wata mai tsara shafuka a Kaduna: Assalamu alaikum, Malam. Mu biyar muke aiki a wani ƙaramin kamfani: ni mai zanen fasalin shafi, da masu rubuta manhaja biyu, da mai rubuta bayanai, da shugabanmu. Wata makaranta mai zaman kanta ta ba mu aikin shafin da iyaye za su yi wa 'ya'yansu rajista su kuma biya kuɗin fom, kuma mako uku kacal muke da shi, domin an riga an sanar da ranar buɗe rajista a rediyo. Mai makarantar yana so a saka hotunan ɗalibai, da tarihin makaranta, da wurin duba sakamako, da wurin tattaunawa da malamai, duk a cikin wannan wa'adi. Masu rubuta manhaja sun ce in kammala zane gaba ɗaya sannan in miƙa musu, shugabanmu kuma ya ce babu lokacin gwada shafin da iyaye. Ta ina za mu fara, kuma me za mu bari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, kuma na gode da kika zayyana lamarin dalla-dalla. A duk aikin da aka yanka wa rana, abubuwa uku ne suke jan juna: lokaci, da yawan abin da za a gina, da ingancinsa. Lokacinku ya riga ya ɗaure tun da sanarwa ta fita a rediyo, inganci kuwa ba a taɓa shi a shafin da iyaye za su shigar da bayanan 'ya'yansu su kuma tura kuɗi. Abin da ya rage a hannunku shi ne yawan abin da za ku gina, kuma nan ne ya kamata ku rage. Abin da yake damuna shi ne, da zarar lokaci ya ƙure, ma'aikata sukan fara watsar da zaman tattaunawa da kuma gwaji, su bar dogon jerin buƙatun wanda ya ba da aikin yadda yake, alhali zaman da gwajin su ne kaɗai za su nuna musu wanne ne a cikin jerin yake da amfani.

Akwai misalin da duk mai wannan sana'a ya kamata ya sani. A ranar 1 ga Oktoba, 2013, gwamnatin Amurka ta buɗe shafin HealthCare.gov domin jama'a su sayi inshorar lafiya, kuma an daɗe da tsayar da wannan rana. Kamfanonin kwangila fiye da 50 ne suka yi aikin, kowa na gina nasa ɓangaren, kuma daga baya 'yan kwangilar sun shaida wa majalisar dokoki cewa sai a makonni biyun ƙarshe aka gwada dukan ɓangarorin a haɗe. Miliyoyin mutane sun yi tururuwa zuwa shafin, amma bayanan cikin gida da suka fito daga baya sun nuna cewa mutum 6 ne kawai suka kammala rajista a ranar farko. Ɗaya daga cikin musabbabin cunkoson shawara ce ta tsari: an tilasta wa kowa ya buɗe asusu kafin ya ga farashi, don haka mai son dubawa kawai da mai niyyar saye duk suka taru a ƙofa ɗaya. Da aka zo gyara, an ɗora wani ƙwararren mai gudanarwa, Jeff Zients, a kan aikin, aka kawo 'yan ƙwararru kaɗan, ciki har da injiniya Mikey Dickerson daga kamfanin Google, suka zauna da ma'aikatan kwangilar a wuri guda, suna haɗuwa a tsaye kowace rana suna tantance matsalar da ta fi gaggawa. Zuwa farkon Disamba shafin ya fara yi wa mafi yawan jama'a aiki. Mutanen da suka gina shi tun farko ba su rasa ƙwarewa ba, abin da suka rasa shi ne wanda zai dubi aikin gaba ɗayansa da idon mai amfani da shi, da kuma wanda maganarsa za ta yanke hukunci.

A Birtaniya an bi wata hanya dabam. A shekarar 2011 wata ƙaramar tawaga ta gina samfurin farko na shafin gwamnati guda ɗaya cikin kimanin wata uku, kuma ba su yi yunƙurin kwashe duk abin da ke shafukan ma'aikatu ba, sun tsaya ne kan abubuwan da jama'a suka fi nema. Daga wannan samfurin aka kai ga GOV.UK, wanda aka buɗe a ranar 17 ga Oktoba, 2012. Ƙa'idarsu ta farko ita ce a fara da buƙatar mai amfani da shafi, ta biyu kuma a rage yawan abin da ake yi. Waɗannan biyun su nake so ki kai wa shugabanku.

Ga yadda nake ganin ya kamata ku yi. Ku ba da rana ta farko sukutum ga zama ɗaya, ku biyar ɗin duka, tare da mai makarantar, kuma ku roƙe shi ya zo da ma'aikacin da yake karɓar iyaye a ofis lokacin rajista. Wannan ma'aikacin ya fi kowa a ɗakin sanin tambayoyin da iyaye suke yi, da takardun da suke mantawa a gida, da wurin da suke kuskure a fom na takarda. Ku rubuta kowace buƙata a jimla ɗaya da bakin mai ita, misali: ni uba ne, ina so in san nawa zan biya da kuma takardun da ake nema kafin in fara cike fom, domin kada in tsaya a tsakiya. Idan kuka gama, ku yi wa kowace buƙata tambaya guda: idan babu wannan a ranar buɗewa, shin rajista za ta tsaya? Za ku tarar hotunan ɗalibai da tarihin makaranta da wurin tattaunawa ba su hana kowa rajista, wurin duba sakamako kuwa ba a buƙatarsa sai ƙarshen zango. Kada ku ce wa mai makarantar an soke su, ku rubuta su a takarda ta biyu tare da ranar da za a yi kowanne, ku ba shi kwafi. Mai aiki yakan haƙura da jinkiri idan ya ga abinsa a rubuce da rana a gefensa.

Game da maganar ki gama zane sannan ki miƙa, ban goyi bayanta ba ko kaɗan a aikin mako uku. Idan kika kulle kanki kwana shida kina zane, masu rubuta manhaja za su zauna jira, kuma ranar da kika miƙa musu ne za su gaya miki cewa kamfanin karɓar kuɗin da za ku yi amfani da shi yana fitar da mai biya zuwa nasa shafin kafin ya dawo da shi, abin da zai rushe rabin zanenki. Gara su faɗa miki haka a rana ta biyu, fensir yana hannunki. Akwai tsarin aiki na kwana biyar da Jake Knapp ya ɓullo da shi a Google wajen shekarar 2010: Litinin a fahimci matsala, Talata kowa ya yi zane, Laraba a zaɓa, Alhamis a haɗa samfuri, Juma'a a gwada shi da mutum biyar. Ba ku da sararin ba da mako guda cur, amma abubuwa biyu a cikinsa sun cancanci ku ɗauka. Na farko, kowa ya zana shawararsa shi kaɗai a takarda, shiru, kafin a tattauna, domin a taron baki mai ƙarfin murya ne yake rinjaye, kuma a wurarenmu ƙaramin ma'aikaci ba ya son musa wa babba a gaban mutane, amma a takarda zai zana abin da ke ransa. Na biyu, a naɗa mutum ɗaya mai yanke hukunci tun ranar farko, kowa ya faɗi nasa, shi kuma ya zaɓa, a wuce wurin.

Bayan haka ku riƙa tafiya shafi-shafi. Ke kina gaba da kwana ɗaya ko biyu, su suna gina wanda kuka amince da shi jiya, mai rubuta bayanai kuma yana zaune kusa da ke yana saka ainihin kalmomin da za su fito a allo, domin maɓallin da aka zana babu kalmarsa ba a gama zana shi ba. Manhajoji irin su Figma, wadda ta fito ga jama'a a 2016, suna ba mutane da yawa damar aiki a zane ɗaya a lokaci guda, kuma suna da amfani idan wani yana nesa, amma idan kuna ofis ɗaya farar takarda da allon bango sun fi sauri a kwanakin farko. Kowace safiya ku tsaya minti 15 kowa ya faɗi abin da ya tare masa hanya. Ku kuma tsayar da rana, kwana uku ko huɗu kafin buɗewa, wadda daga ita ba a ƙara sabon abu sai gyara.

Fom ɗin kansa ku rage shi iyakar iyawarku. Duk akwatin da kuka ƙara, ƙarin wurin kuskure ne ga iyaye da ƙarin aiki ga masu manhaja. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ita ma ta tanadi cewa kada a tara bayanan da suka wuce buƙata, kuma tun da bayanan yara ne abin ya fi nauyi. Batun gwaji kuwa, amsarsa tana cikin tambaya ta gaba, kuma ina roƙon ki nuna wa shugabanku ita.

Tambaya daga wani mai rubuta manhaja a Zariya: Malam, barka da aiki. Ina yawan jin ana cewa gwada shafi da mutum biyar ya isa. Ni a karatuna na lissafi mutum biyar ba sa wakiltar dubban jama'a. Shin wannan ba yaudarar kai ba ce, musamman idan kwanakin da za a ɓata a kai ana buƙatarsu wajen rubuta manhaja?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Lissafinka daidai ne idan ƙidaya ake so a yi, wato a san kashi nawa na jama'a suka fi son wannan launi ko wancan. Gwajin da muke magana a kai neman wuraren tuntuɓe ne, kuma wurin da ya kayar da mutum na farko da na biyu da na uku ba ya buƙatar mutum ɗari su tabbatar da shi. Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da shafuka, ne ya yaɗa wannan adadi a shekarar 2000, bisa binciken da suka yi da Thomas Landauer a 1993. Sun kiyasta cewa mutum ɗaya yakan bankaɗo kusan kashi 31 cikin ɗari na matsalolin amfani da shafi, kuma idan aka tara biyar ana kaiwa kusan kashi 85 cikin ɗari, daga nan sai a riƙa ganin maimaici. Shawararsa ita ce gara a yi gwaji uku da mutum biyar-biyar, ana gyara tsakani, da a yi guda ɗaya da mutum 15. Akwai sharaɗi: idan masu amfani da shafin rukuni-rukuni ne da suka bambanta sosai, kamar iyaye a gefe guda da ma'aikatan ofis a ɗaya gefen, kowane rukuni sai an nemo masa nasa mutanen.

Ba kwanaki ake ɓatawa ba, yini ɗaya ne, wani lokaci ma rabinsa. Ka nemo mutum biyar irin waɗanda za su yi amfani da shafin da gaske, ban da abokan aikinka da ƙannenka masu karatun kwamfuta. Ka bar kowa ya yi amfani da wayarsa da datarsa, domin shafin da yake tashi nan take a kwamfutar ofis yana iya ɗaukar dogon lokaci a ƙaramar waya mai cike da hotuna a unguwar da sabis yake rawa. Wani binciken Google na 2016 ya nuna cewa kashi 53 cikin ɗari na masu ziyara ta waya sukan fice idan shafi ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. Ka ba mutum aiki guda, ka ce masa ya yi wa ɗansa rajista, ka roƙe shi ya riƙa faɗin abin da yake tunani, sannan ka kame bakinka. Wannan ne mafi wuya. Za ka ga yatsarsa tana shawagi a kan allo tana neman inda za ta danna, maɓallin kuma yana nan ƙasa inda allon rubutu na wayar ya rufe shi, hannunka zai yi ƙaiƙayin nuna masa. Kada ka nuna, ka rubuta.

Ga irin abin da yini ɗaya yake tonowa a wurarenmu. Uwa ta rubuta sunan 'yarta Sa'adatu, ko uba ya rubuta Isma'il, fom ya ƙi karɓa da jan rubutu saboda wanda ya tsara shi ya hana duk wata alama da ba harafi ba. Wani ya rubuta lambar waya mai lamba 11 da sifili a farko yadda kowa ya saba, shafin kuma yana jiran ta fara da 234 ba tare da ya faɗa ba. Wani ya tsaya a akwatin sunan iyali yana tunanin sunan mahaifinsa zai sa ko na kakansa ko na garinsu. Mafi muni, sabis ya yanke bayan an danna biya, allo ya yi fari, mutum bai san ko kuɗinsa sun fita ba, sai ya sake dannawa ya biya sau biyu. Kowanne daga cikin waɗannan gyaran sa'a ɗaya ne ko biyu kafin buɗewa, amma bayan buɗewa ya zama layin iyaye masu fushi a ƙofar ofis. Ina kuma ba ka shawara kai da kanka ka zauna a gwajin, kada ka jira rahoto, domin gani ya kori ji, kuma gardamar da aka kwana biyu ana yi a ofis takan mutu da zarar kowa ya ga mutum na uku ya maƙale a wuri ɗaya.

Tambaya daga shugaban wani kamfani a Kano: Ranka ya daɗe, aikinmu ya makara da mako guda, kuma ina tunanin ɗauko ƙarin mutum uku su taya mu biyar ɗin da muke da su. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Karin maganar gaskiya ce a aikin da ake iya rabawa kowa ya kama nasa ba tare da ya tambayi wani ba, amma aikin manhaja ba haka yake ba. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aikin manhaja a kamfanin IBM, ya rubuta tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin da ya riga ya makara yana ƙara masa makara. Dalili biyu ne. Sabon zuwa sai an koya masa yadda aikin yake, kuma masu koya masan su ne mutanen da ka fi buƙatar lokacinsu. Sannan hanyoyin magana suna ninkuwa: tsakanin mutum 5 akwai hanyoyi 10 na mutum biyu-biyu, idan suka zama 8 hanyoyin sun koma 28.

Idan har za ka kawo wani, ka ba shi aikin da yake tsaye da ƙafarsa, kamar nemo mutanen gwaji da tsara lokacin zuwansu, ko gwada shafin a wayoyi iri-iri, ko tace rubutu, ko amsa kiran jama'a a ranar buɗewa. Aikin da ya fi dacewa da kai a wannan makon shi ne ka je wurin mai aikin da jerin abubuwan da suka rage, ku zaɓi waɗanda za a ɗage, sannan ka tsare ma'aikatanka daga sababbin buƙatun da ake turowa ta WhatsApp da tsakar dare. Ka kuma yi hattara da sa su kwana a ofis dare bayan dare, domin gajiyayyen mai rubuta manhaja kurakurai yake shukawa waɗanda za a yi kwanaki ana cirewa.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar ƙungiyar manoma a Maraɗi: Malam, shafinmu zai fito da Faransanci da Hausa, amma lokaci ya ƙure, abokan aikina sun ce a fitar da na Faransanci tukuna, a fassara daga baya. Ya dace?

Amsa: Malama, amsar tana ga waɗanda aka yi shafin dominsu. Idan manoman da wakilansu Hausa suka fi ganewa, to Hausar ce ainihin shafin, kuma fitar da shi babu ita daidai yake da rashin fitar da shi. Abin da za ku rage shi ne yawan shafuka: ku zaɓi biyu ko uku da manomi ba zai iya yi babu su ba, ku fitar da su da harsunan biyu, sauran su biyo baya. Mai rubuta Hausar ya zauna da mai zane tun farko, domin tsawon jimla yakan bambanta daga harshe zuwa harshe, kuma kalmar da ta zauna daidai a maɓalli da wannan harshe tana iya tsallake iyaka da wancan.

Tun a rana ta farko ku gwada salon haruffan da kuka zaɓa da ɓ da ɗ da ƙ da kuma ƴ, wadda ake amfani da ita a rubutun Hausar Nijar, manya da ƙanana, domin salo da yawa ba su da su, sai su fito a matsayin akwati ko su bambanta da sauran rubutun. Jerin haruffan Noto na Google yana ɗauke da su kuma kyauta ne. Akwatin lambar waya ya karɓi lamba 8 ta Nijar, ya kuma karɓi ta Najeriya idan kuna da mambobi masu hulɗa ta Jibiya da Katsina. Tun da a rana tsaka a gona ko a kasuwa za a riƙa duba shafin, ku bi ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, maɓalli kuma ya yi girman da babban yatsa zai danna shi ba tare da ya taɓa na kusa da shi ba. Sannan mutum biyar ɗin da za ku gwada da su, ku tabbatar aƙalla uku da Hausa za su karanta.